Kwana Uku a Rufe

Yau da safe na buɗe akwatin ɗumi a wurin aiki, warin ya doke ni, sai ga ni a ɗakin Kaka a Madadi. Shi ya sa nake rubuta maka wannan a waya, ina cikin adaidaita, kafin abin ya sake ni.

A ɗakin gwaji na asibiti nake aiki a nan Kano. In an kawo mugunya ko fitsari, sai mu shafa a faranti mai abinci kamar daskararren romo, mu rufe, mu sa a akwatin da ɗuminsa ya yi daidai da na jikin mutum. Washegari ka ga ɗigo-ɗigo sun fito. Ƙwayoyin cuta ke nan. Ba su da tsada wajen kiwo: abinci, laima, ɗumi, sai ɗan lokaci. Ranar da malami ya faɗi haka a aji kowa yana rubutawa, ni hannuna ya ƙi. Na riga na ji a bakin matar da ba ta taɓa shiga aji ba.

Kaka daddawa take yi. Tun da aka sallami Baba daga aiki lokacin tsuke bakin aljihu ya dawo gona, daddawar nan ce cefanenmu. Ta dafa kalwa wuni guda, ta surfe, ta wanke, ta sake dafawa, ta juye da zafinta a kwando mai ganye, ta lulluɓe da tsummoki da buhu. Kwana uku ba mai ɗaga rufin. Takan ce abin da ke ciki rai gare shi, yana son ɗumi da laima, ba ya son a leƙa shi. Rana ta uku ko taɓawa ba ta yi. Daga bakin ƙofa za ta ja hanci ta ce, “Ta kama.”

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, Baba ya bi wasu malamai Kano, ya tsaya neman ɗan aiki. Damina ta yi nisa, ana marka, ko zani ka shanya ba ya bushewa. Ƙanwata, 'yar shekara huɗu, ta biyo kaza da gudu ta ture tukunyar kalwa. Tafasasshen ruwan ya ƙone mata ƙafa daga gwiwa har ƙasa.

Inna ta ɗauko buta za ta zuba mata ruwa, Kaka ta hana. Ta ce ƙuna ba ta son ruwa, kuma in iska ta shiga ciwo shi ke nan. Inna ba ta iya musu da surukarta. Ta ajiye butar. Kaka ta shafe ƙafar da man shanu da ɗanyen ƙwai, ta nemo tsummokin da suka fi laushi a gidan, na rufin daddawa, ta naɗe. Ta kwantar da ita a ɗakinta, don ya fi ko'ina ɗumi. Wallahi don ƙauna ta yi. Wannan jikar ita ce take kira ƙawata, tana tsokanarta wai ta cinye mata kalwa tun ba a kai kasuwa ba.

Yanzu ka duba da idona na yau. Mai da ƙwai da nama a buɗe. Laima. Ɗumi. Rufi.

Rana ta biyu jikin ƙanwata ya yi zafi, aka ce zazzaɓin damina ne. Rana ta uku da hantsi muka dawo daga rijiya ni da Kaka. Ta tsaya cak a bakin ƙofa. Na ga hancinta ya motsa. Ranar babu kwandon daddawa a ɗakin, tunda kalwar ta zube. A hankali ta ce, “Ta kama.” Sai ta zauna a ƙasa cikin taɓo.

A bayan mashin aka kai ƙanwata asibiti, hanya duk ta lalace. Nas ɗin da ta warware tsummokin ba ta yi faɗa ba. Ta dubi Kaka kawai ta ce, “Iya, da ranar farko kuka kawo ta, wankewa kawai za mu yi.” Cutar ta riga ta shiga jini. Baba ya iso an gama yi wa gawarta wanka.

A gidan ba wanda ya taɓa ɗora wa Kaka laifi. Aka ce kwana ne ya ƙare, ita ma haka take amsawa. Bayan sati biyu ta sake ɗora tukunya, don dole mu ci. Amma ba ta ƙara zuwa bakin ƙofa rana ta uku ba. Ni take aika. “Je ki buɗe, 'yar nan. Hancina ya mutu.”

Yanzu gidan siminti ne, bishiyar ɗorawar da muke samun kalwa an sare, miya ta koma ta dunƙulen magi. Kemis yana bakin layi. Duk da haka watan jiya maƙwabciyata ta shafa wa ɗanta man goge baki a ƙuna ta ɗaure da ɗankwali, sai da na yi mata rashin kunya kafin ta kwance.

Kaka ta rasu da daɗewa. Ni har yau aiken nan nake yi. Kullum da safe ni ke buɗewa.