Ranar da Na Hana a Lasa wa 'Yata Barkono

A gidan su mijina a Shabu, tukunya ɗaya ake ɗorawa ranar Kirsimeti, kuma duk mai baki sai ya ɗanɗana, har jariri. Surukata ce ke dangwalo miyar da yatsa ta shafa masa a harshe. Yaro ya yi ta tsala ihu, manya na dariya suna cewa yanzu ya zama ɗan gida. Haka aka yi wa mijina, kuma har gobe da alfahari yake ba da labarin, sai ka ce shi ya roƙa.

Shekarar da 'yata ke wata takwas na ce ba da ita ba. Ba ta daɗe da tashi daga gudawa ba, wadda ta zuƙe ta har wuyanta ya koma kamar na ɗan tsako. Ni na san wuyar da na sha kafin cikinta ya sake riƙe kunu. Miyar surukata kuwa attarugu ce zalla, tumatir ɗin don a fita kunya ake jefa shi.

Muka hau keke Napep daga gidanmu a Azuba da 'yar tukunyata a cikin jaka, da guntun doya da karas. Ina isa na gaishe da kowa, na jera duwatsu uku a gefen babban murhu, na ciro itace mai wuta. Kafin a zuba wa kajin yaji na yanki ƙirji ɗaya, ban tambayi kowa ba. Na dafa su tare har suka yi lugub, na dame da cokali, na ɗiga manja kaɗan.

Ƙanwar mijina ta leƙo ta ce, “Madam ya zo da kicin nashi.”

Na ce, “Da kuku ma na zo, ga ni.”

Surukata ta jira sai da aka sauke miya aka yi addu'a. Ta zauna a kujerarta, ta tsoma yatsa ya fito jajir, ta miƙo ɗaya hannun. “Kawo min jika na.”

Matar nan ce ta yi min wankan jego, kuma ina ƙaunarta. Na dubi mijina, na ga wayarsa ta zame masa abin kallo. Na ƙara rungume yarinyar.

“Mama, ki yi haƙuri, ba da wannan miyar ba. Ga tata nan, ki ba ta da hannunki.”

“Abinci na guba ne?”

“A'a, Mama. Cikinta ne bai yi ƙwari ba.”

Ta kalli kwanona ta taɓe baki. “Ba gishiri, ba magi. Wannan abincin asibiti ne.” Ta goge yatsanta a zani, ta juya min ƙeya.

Wata daga cikin matan gidan ta raɗa min in shiga ɗaki in ba ta a ɓoye. Na ƙi, ai ba sata na yi ba. A tsakar gida na zauna, ido na kaina ta ko'ina, ina ba ta cokali cokali. Ta ci, ta damƙi doyar ta shafe kumatu, ta buɗe baki tana neman ƙari. Raina a ɓace yake, amma ban fasa ba ta ba.

Da yamma na durƙusa yin sallama. Surukata ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “To, yarinya bai zama na gidan nan ba.”

Na ce, “Za ta zama, Mama, ranar da ta miƙa hannu ta ɗiba da kanta.”

A cikin keke mijina ya yi gyaran murya ya ce ɗan lasa ne kawai fa. Na tambaye shi zanen gudawa nawa ya wanke a watan da ya wuce. Ya koma kallon titi har muka isa Azuba, yarinyar tana barci a ƙirjina, cikinta a cike.