A-kori-kurar Yaya Auwalu

Ranar wata Asabar ce ta ƙarshen rani, shekarar da nake aji biyar a firamare, aka zo aka ɗauke motar yayana. Ina zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu ina ɓarar gyaɗar iri, sai ga mutum biyu a kan babur. Suka yi sallama, suka gaisa da Yaya Auwalu gaisuwa mai tsawo, har da tambayar iyali da zafin rana. Daga nan babban cikinsu ya miƙa hannu. Yaya ya ciro makullai daga aljihu, ya zare na ɗakinsa daga zoben, ya ba shi sauran. Ya buɗe motar ya kwashe buta da darduma, ya kai hannu kan igiyar ɗaure kaya. Mutumin ya ce, "Yi haƙuri, Malam Auwalu, da ita muka ba ka." Ya sake ta. Babu wanda ya ɗaga murya. Yaran unguwa suka bi motar da gudu kamar yadda suka saba, suna zaton kasuwa za ta.

Garinmu yana kusa da madatsar Tiga, cikin garuruwan da aka tsugunar da kakanninmu bayan ruwa ya ci tsohon mazauninsu. Bayan rasuwar mahaifinmu, abin da ya rage mana shi ne shanun huɗa biyu da 'yar gonar damina da fili ɗaya na noman rani. Yaya ya sayar da shanun ya ba da kafin alƙalami, ya karɓo a-kori-kura fara daga wani dillalin motoci a Kano, bisa sharaɗin zai riƙa biya duk mako har ya gama. Yana ɗaukar tumatir da albasa da busasshen kifi zuwa kasuwar Tudun Wada, wani lokaci ya gangara Doguwa ya ɗauko masara. Mu yara ba mu san da wani sharaɗi ba. Mota ce kawai a ƙofar gidanmu, muna wanke ta da ruwan rijiya, muna faɗa a kan wanda zai danna oda. A makaranta ko a wasan 'yar gala-gala ba a cika yi mini gardama ba, don kowa yana son a ɗora shi a bayan motar ranar Juma'a.

Yaya shi ne ɗan farin Inna, kuma Inna mace ce mai riƙe da kunyar ɗan fari yadda ta gada. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama su yi hira, idan ya shigo gaishe ta sai ta amsa tana kallon tukunya. "Yayanku" take ce masa. Ni ce auta, don haka duk maganar da ke tsakaninsu ta bakina take bi. Sai in ajiye tsintsiya ko tallan ƙuli-ƙuli in ruga waje. Inna ta ce a kai Gwoggo asibitin Bebeji. Inna ta ce gobe za a kai kayan amarya Burumburum. Inna ta ce matan unguwa za su gaisuwar mutuwa Kiru. A garinmu ba a karɓar kuɗin mota a hannun dangi, ko surukai, ko mai ciwo, ko masu zuwa ta'aziyya, kuma idan aka cire waɗannan babu wanda ya rage a garin. Duk wanda yake jin nauyin tambayar Yaya sai ya bi ta wurin Inna, ita kuma ba ta iya cewa a'a ga maƙwabta.

Abin da nake tunawa sosai shi ne yadda yake karɓar saƙon. Zai tsaya da tsumma a hannu, ya kalli tayoyin motar, ya daɗe bai ce komai ba, har in fara gajiya da tsayuwa. Can sai ya ce, "To, Auta. Ki ce mata to." Ni kuwa in koma da tsalle in ce, "Ya ce to." Kalmar nake kaiwa. Tsayuwar da shirun a waje nake barinsu, don ban san su ma saƙo ba ne. Kuma ina jin daɗin tafiyar, domin gaba nake zama kusa da shi, ina cin rake ina jefar da ɓawon ta taga. Yawancin waɗannan tafiye-tafiye ranar kasuwa suke faɗowa, ranar da ya kamata ya haɗa kuɗin mako. Damina ta zo, hanya ta lalace, giya ta samu matsala, bashin makonni ya taru. Dillalin ya ɗaga masa ƙafa har ya gaji.

Bayan an tafi da motar, Yaya ya shigo ya tsuguna a bakin madafa. Inna ta ajiye muciya ta juyo ta dube shi sosai, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce, "Auwalu, me ya hana ka faɗa?" Ranar na fara jin sunansa a bakinta. Ya ce, "Inna, wa zan aiko?" Babu wanda ya kalle ni a cikinsu, ni da na biyo shi ciki na tsaya da kwanon gyaɗa a hannu.

Duk abin da ya biya an lissafa shi a kuɗin haya, kafin alƙalamin ma ya tafi. Ga bashin bakanike da na mai man fetur, sai da aka jinginar da filin noman rani kafin a rufe su. A daminar nan da garmar hannu muka yi huɗa, mu da muka saba da shanu. Auren Yaya da aka sa bayan kaka aka ɗaga shi, daga baya gidan yarinyar suka dawo da kaya. Ya koma yi wa wasu ban-ruwa a gonakin tumatir, a biya shi da yamma. Waɗanda ya kai asibiti da biki sun zo jaje, sun ce Allah ya mayar da alheri, sun koma hawa babur suna biya ba gardama.

Yanzu idan na je gida nakan ji iyaye mata na zamani suna kwaɗa wa ɗan farinsu kira da sunansa, har da faɗa a waya a kan kuɗin cefane. Tsofaffi suna cewa kunya ta ƙare. Ni ma ina kewar gidan nan namu mai kawaici, inda ake girmama mutum ta hanyar sunkuyar da kai. Amma Yaya ya yi furfura a gonar wani, bai sake riƙe sitiyari ba, kuma har yau bai taɓa cewa laifin kowa ba ne. Da ya ɗora mini, da na fi samun sauƙi.