Igiyar da Nevzat Ya Bari Ta Faɗi

Kullum ƙarfe shida na safe Nevzat Karaca yana tsaye a tashar jirgin ruwa ta Üsküdar. Ya kurɓi shayinsa, ya sa safar hannu. Aikinsa ɗaya ne: jirgi ya matso, a jefo igiya, ya cafe, ya ɗaure a turken ƙarfe. Shekara talatin da ɗaya igiya ba ta taɓa kuɓuce masa ba. Da wannan kaɗai yake taƙama, kuma mun sha ji har mun gaji.

Mu 'yan gari muna da wata muguwar ɗabi'a. Ba ma jiran a shimfiɗa katakon sauka, tsalle muke yi tun jirgi bai tsaya ba. Baƙi masu yawon buɗe ido kuwa, hankalinsu na kan hasumiyoyin masallatai, sai kawai su bi mu. Shi ya sa Nevzat ƙafafu yake kallo, ba fuskoki ba.

Juma'ar da ta wuce ya yi ritaya, kuma Gülten mai sayar da burodi a bakin tashar ta ga komai. An jefo igiya, tana sama, sai wata dattijuwa baƙuwa ta ga samari sun yi tsalle, ita ma ta miƙa ƙafa, waya a hannu. Daidai lokacin ruwa ya ja jirgin baya. Nevzat ya bar igiya ya damƙo dattijuwar. Igiya ta faɗa ruwa tsulum.

Matar ta gyara jakarta, ta yi murmushi, ta ɗauki hoton masallaci, ta wuce abinta.

Rıfat matuƙin jirgin ya leƙo ta taga. "Yaya Nevzat, tsufa ne ya zo?"

"Kai dai koyi tsayar da jirgi tukuna, ƙanena."

Da jirgin ya tashi, Gülten ta tambaye shi, "Yaya, a ranarka ta ƙarshe? Bai yi maka ciwo ba?"

"Ya yi mana," in ji shi. "Amma igiya ai jawo ta ake yi a shanya."

Nevzat, kai ne turken Üsküdar. Baƙuwarka ta koma ƙasarsu da hotuna fal waya, babu fuskarka ko a ɗaya. Mu da muka gani mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Masu tasowa a wannan aiki, ku koyi cafe igiya a wurinsa, ku kuma koyi ranar da ake barin ta.