Ƙafa Ɗaya Na Nuna wa Likita

Shekarar da ruwan kogi ya shigo unguwarmu a Haɗejiya, mun jima muna taka shi kafin ya janye. Bayan nan ƙafafuna suka kumbura, wasu ƙululu masu tauri kamar ƙwallon dabino suka fito a ƙarƙashin fata. Na hagu sun tsaya a ƙwauri, na dama kuwa sun hau har cinya.

A asibiti likitan namiji ne, sa'an ɗana. Na ɗaga zane kaɗan na miƙa masa ta hagu, ta dama na tura ta ƙarƙashin kujera. Ya latsa, ya yi rubutu, ya ce in jira a waje.

Mijin 'yata ta fari a ɗakin kati yake aiki. Shi ke karanta abin da likita ya rubuta, ya nemo wa ciwon lambarsa, ya shigar a kwamfuta. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Na yi ta fatan kada katina ya faɗa hannunsa, sai ga shi ya fito riƙe da shi.

Ya tsuguna a gabana, kansa a ƙasa, yadda ya saba.

"Inna, ya jiki?"

"Da sauƙi."

A tsugune idonsa ya sauka daidai kan ƙafar dama, wadda ta fi ƙarfin takalmi. Na ja zane, amma ya riga ya gani. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya miƙe ya shiga wurin likita.

Da aka sake kirana surukin nawa ya koma bayan labule ya juya baya. Da likita yake magana, ni kuma ina ji. Ya ce an rubuta kumburi da ƙululu a ƙafa, ba a faɗi wacce ba. Lambar hagu daban, ta dama daban, ta duka biyun ma daban, shi kuma ba zai cika da ka ba. Ya fita.

"Hajiya, ɗaya ce ko biyu?" in ji likita.

"Biyu ce."

Ya kira ma'aikaciyar jinya ta tsaya kusa da ni, ya duba. Ya ce idan ƙafa biyu suka kumbura tare, dole a bincika zuciya da ƙoda. Ya ƙara bayani a katin, ya tura ni gwajin jini da fitsari. Aka sa ni a magani, kumburin ya sauka a hankali.

Surukina bai gaya wa matarsa ba. Ni na gaya mata da bakina ranar da suka zo dubiya. Shi yana zaure, ya aiko da gaisuwa. Na ce a ce masa ina amsawa, na kasa fita.