Rahoton da Ya Tafi Babu Kifi

Jama'a, yau na danna sau ɗaya, rahoton wata na asibitinmu a Argungu ya fito tsaf daga kwamfuta, na tura shi Birnin Kebbi! Har tsalle na yi.

Kawuna yana gefe yana jiran awon jini. Zamanin muna jihar Sakkwato, shi ke ɗaukar irin wannan rahoto a mota ya kai hedikwata.

Ya ce, "Ɗiyata, wa za shi kai?"

Na ce, "Ai ya isa, Kawu!"

Ya zaro ido. "Ba gaisuwa, ba busasshen kihi? Hannu rabbana kuka shiga ofishin mutane?"

Na yi dariya, amma sai da na kira mutanen ofishin Birnin Kebbi a waya na gaishe su.

Ku a wajen aikinku, wa ke kai gaisuwar yanzu?