Fuskar Yaya Usman a Bango

Jama'a, yau na ara wa mamaci fuskata.

Na sauka daga rakasha a Umdurman, kusa da filin nan na bakin kogi inda ake kiɗa kafin yaƙi. Dandalin ya ƙone, amma bangon da aka zana makaɗa yana nan. Wani dattijo yana kan tsani, yana cike ramukan harsashi yana sake fenti. Sai ya ƙura min ido.

Ya ce, "Ya zol, bawan Allah, don Allah tsaya. Juyo haka."

Na juyo.

Ya nuna min zanen wani makaɗi rungume da garayar nan ta Larabawa, ud, harsashi ya cinye rabin fuskarsa. Yayana Usman ne. Da hularsa na gane shi.

Ya ce, "An kwashe wayata da hotunana duka. Kai kuwa kamarku ɗaya da shi. Zauna min kaɗan."

Na zauna kan bokitin fenti. Mai shayi ta miƙo min kofi, ban ma san na shanye ba. Wallahi ban ji komai ba, burushin kawai nake bi da ido.

Ya ce, "Ɗan yi murmushi, shi kullum cikin dariya yake."

Na buɗe haƙora.

Da ya gama ya ce, "An ce yana Masar. Ran da ya dawo ya ga wannan, zai sha dariya."

Ni da na haƙa kabarinsa da hannuna a tsakar gidanmu na Alshajara.

Na ce masa, "In sha Allah."