Ruwan Giginya Uku

A Gummi, duk wanda ya ce yana son shiga jirgi don shan iska kawai, ba don kasuwa ko gona ba, wurin Lirwanu ake tura shi. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, ya ba arba'in baya, rana ta gasa shi har ba a gane ainihin launinsa sai ya cire hula. Fito gadonsu ne. Mahaifinsa Malam Tanko ya yi shekara arba'in yana ƙetarar da mutane da buhunan shinkafa a gulbin Zamfara kafin idanunsa su mutu. Lirwanu ne ya fara lura cewa akwai masu son ruwa don kallo: malaman makaranta, 'yan bautar ƙasa, ma'aikatan da aka turo daga Gusau, da matasan gari ranar sallah. Da farko sauran masu fito dariya suka riƙa yi masa, wai ya koma dakon mutanen da ba su da inda za su. Yanzu su ne ke aiko masa da baƙi.

Sai dai kafin ka taka jirginsa sai ka sha karatu, ko kai wane ne. Zai ce maka kada ka zo tsakiyar damina lokacin da gulbi ke fushi, kada kuma ka bari sai rani ka zo kana neman ruwa a kan yashi. Ka zo bayan ruwan sama ya ɗauke, gulbi ya cika ya kwanta. A tashi da hantsi, a dawo kafin iskar azahar. Ka ci abu kaɗan, don wanda ya cika ciki da fura shi ke fara leƙa gefen jirgi. Ka zo da malafa da ruwan shanka, ka ƙulle wayarka a leda, ka gaya wa mutanen gida inda za ka. Mai jiki a tsakiya yake zama, ko da shi ne babban ofis. Rigar ruwa kuwa ba a ciniki a kanta, kuma wanda ya miƙe tsaye don ɗaukar hoto, nan take ake juya jirgi a mayar da shi gaɓa. Shi kansa Lirwanu ba ya kwance igiya sai ya tambayi masuntan da suka dawo da safe ko gaɓar lafiya take, don shekarun nan ba kowace kwana ake shiga ido rufe ba.

Akwai shawara ɗaya da yake barinta ƙarshe, yana faɗinta yana kallon ƙasa. Yakan ce ka tambayi mai jirgi inda zai kai ka, ya faɗa da bakinsa, in kun isa kuma ka tambayi wani ko nan ne. Baƙi kan yi dariya, suna zaton barkwanci ne. Matarsa Muhsina ba ta dariya in ta ji, don ta san inda maganar ta samo asali.

Malam Tanko yana da ƙane mai suna Dikko, wanda ruwa ya ci tun suna samari, a wata kwanar gulbi da ke ƙasa da gari, tafiyar awa uku a jirgin hannu. Giginya Uku ake ce wa wurin. Ba a ga gawarsa ba, saboda haka Dikko ba shi da kabarin da za a tsaya a kansa. Tun daga wannan shekara, duk Alhamis ta farko bayan ɗaukewar ruwan sama, Malam Tanko yakan tuƙa jirginsa shi kaɗai ya je wurin, ya yi wa ƙanensa addu'a, ya dawo da la'asar. Bai taɓa fashi ba sai da ya makance. Shekara huɗu yana zaune a zaure bai ce wa kowa ya kai shi ba, don mutum ne da ba ya son ɗora wa wani nauyi. A ta biyar, ranar wata Laraba, ya kira Lirwanu ya ce yana son gobe a kai shi wurin Dikko.

To, a wannan Alhamis ɗin ce Lirwanu ya yi alkawari da wasu ma'aikatan lafiya su takwas da suka gama aiki a Anka, suna son ganin gulbi kafin su koma. Ƙarfe goma sha ɗaya za su iso. Abin da ya kamata ya yi a fili yake: ko ya ba wani mai fito baƙin, ko ya ce wa tsohon ga halin da ake ciki. Amma Lirwanu bai taɓa kallon mahaifinsa ya ce masa a'a ba, kuma bai so baƙin su ɗanɗana jirgin wani. Sai ya ce to. Ya gaya wa kansa cewa hanyar ba ta da tabbas, tsoho kuma ba zai jure wuni a rana ba. Da safe ya tambayi masunta, suka ce lafiya lau har gaba da Giginya Uku, amma ya yi kamar bai ji ba.

Bayan gari akwai tafki babba da gulbi ke cikawa in ya yi ambaliya, ana ce masa Tafkin Bado. Lirwanu ya shimfiɗa tabarma da matashi a tsohon jirgin mahaifinsa, ya riƙo hannunsa ya zaunar da shi. Suka ɗan bi gulbi, sannan a hankali ya karkata ta mashigar tafkin. Daga nan ya shiga zagaye.

Yana tuƙi yana ba da labarin hanya. Ga tsamiyar mashigi mun wuce. Ga tungar masunta, sun shanya taru. Bana ruwa na da gudu, Baba, za mu isa da wuri. Tsohon yana cewa to, ya saki hannunsa ɗaya cikin ruwa, yana barin yatsunsa suna jan layi. Ganyen bado na gogar cikin jirgi. Wani jaki da aka ɗaure a bakin tafki yana ta kuka, duk zagaye sai sun wuce shi. Lirwanu, wanda aka haifa a gidan ruwa, ya manta cewa mutumin da ke gabansa da tafin hannu yake gane ruwa mai gudu da ruwa mai kwanciya tun kafin a haife shi.

Da ya ga an yi awa ɗaya da rabi, sai ya kafa gora ya ce sun iso. Malam Tanko ya gyara zama, ya tambayi ina gabas, ya ɗaga hannuwa. Ya daɗe yana addu'a. Ya ambaci Dikko da sunan da Innarsu ke kiransa, ya roƙa masa gafara da sanyin makwanci, hawaye na bin gemunsa. Lirwanu yana cewa amin, yana zaro waya daga leda yana duba lokaci. Wannan duba wayar shi ya fi ci masa rai har yau, fiye da ƙaryar kanta.

Suka dawo gaɓa ƙarfe goma da rabi, Lirwanu yana jin ya yi dabara. Ya kama tsohon ya fito da shi. Sai da ƙafarsa ta taka ƙasa, ya karɓi sandarsa, sannan ya yi magana, ba tare da ɗaga murya ba.

"Lirwanu, in za ka sake, ka riƙa sauya hannu. Zagaye shida dut hagu, tsoho juwa shika ji." Ya gyara riƙon sandarsa. "Kuma jakin ga na bakin tabki, a hwaɗa ma mai shi ya ba shi ruwa."

Lirwanu ya waiwaya. Motar baƙi ta riga ta tsaya a kan tudu, suna ɗago masa hannu. Tsohon ya ce ya je ga mutanensa, shi ya san hanyar gida. Kuma Lirwanu ya je ɗin. Ya raba rigunan ruwa, ya zaunar da mai jiki a tsakiya, ya nuna musu tsuntsaye. Sun ce ba su taɓa jin daɗin yawo irin na ranar ba, shi kuwa bai iya tuna ko ɗaya daga fuskokinsu.

Washegari da sassafe ya gyara jirgi, ya durƙusa a zaure ya ce yau za su Giginya Uku.

"Ai na tahi," in ji Malam Tanko. "Kai da kanka kak kai ni."

Babu faɗa, babu gori. Da ma ya zage shi, da ya fi masa sauƙi. Maimakon haka, duk wanda ya shigo gaisuwa sai tsohon ya ba shi labari cewa bana Lirwanu ya kai shi wurin Dikko. Mutane suka yi ta sa masa albarka. Wani dattijo ya tare shi a kasuwa ya kama hannunsa, ya ce irinsa ake so a haifa, har ya kafa misali da shi ga 'ya'yansa. Lirwanu yana amsa amin, yana neman hanyar zamewa. Bai gane ba ko tsohon rufa masa asiri yake yi ko horo, kuma mai yiwuwa duka biyun ne.

Shekara uku ana haka. Duk ɗaukewar ruwan sama sai ya ƙi karɓar kowane baƙo ranar Alhamis ta farko, ya shimfiɗa tabarma a jirgi, ya je ya roƙa, a ba shi amsar nan dai. Yakan ce, Baba ka yafe mini duk abin da na yi maka, tsohon ya ce bai yi masa kome ba. Muhsina ce ta gaji da ganinsa yana tura tuwo gefe. Ta ce masa wannan neman gafarar tasa irin ta ranar idi ce, wadda kowa ke yi wa kowa. Ta ce abin da ya yi yana da suna, ya je ya kira shi da sunansa. Ya yi fushi da ita kwana biyu, don ya san gaskiya ta faɗa.

Bana ya je. Malam Tanko yana kwance a ɗaki, don ƙafafunsa sun kumbura, ko zauren ma sai an ɗauke shi. Lirwanu ya zauna a ƙasa kusa da gadon.

"Baba, ranar nan ban kai ka wurin Baba Dikko ba. Tafkin Bado na zagaya da kai. Ba don hanya ba ce, hanya lafiya take. Baƙi nake jira."

Tsohon ya juyo da fuskarsa gare shi. Ya ce addu'a tana isa ko daga ina aka yi ta, wannan bai dame shi ba. Abin da ya so shi ne ya sa hannu a ruwan wurin sau ɗaya kafin ya bi ƙanensa. Yanzu kuwa ko an ɗauke shi ba zai iya zaman jirgi ba. Ya lalubo butarsa a gefen gado ya miƙa masa, ya ce in ya bi ta can ya ɗebo masa.

Ranar Alhamis Lirwanu ya tashi da fitowar rana a tsohon jirgin, ba inji, shi kaɗai. Ya sami giginyun, ɗaya ta faɗi saura biyu da kututture. Ya yi addu'a ga mutumin da bai taɓa gani ba, ya cika butar daga tsakiyar kwanar inda ruwa ya fi ja. Har hoton wurin ya ɗauka don shaida, sai da ya yi nisa a hanyar dawowa sannan ya tuna wanda zai nuna wa. Dawowa gaba da ruwa ta ci shi awa biyar, tafin hannunsa duk ya yi bororo ya fashe. Duk hanya abu ɗaya yake hangowa: tsohon zai shinshina ruwan, ya ɗanɗana, ya gane yashin wurin, ya san cewa wannan karon gaskiya ce.

Ya iso ana kiran la'asar. Muhsina ta taimaka aka zaunar da Malam Tanko a bakin ƙofa. Lirwanu ya sa masa butar a hannu, ya ce ga ruwan Giginya Uku, ya tsaya yana jira. Mutumin da ko fura aka ba shi sai ya kai hanci, bai kai butar kusa da fuskarsa ba. Ya yi bisimilla ya fara alwala.

"Baba, ba ka duba ba."

"Kai kac ce ruwan can na," in ji tsohon, yana wanke hannu. "To, ruwan can na."

Lirwanu ya tsuguna ya karɓi butar, ya zuba masa sauran a kumburarrun ƙafafunsa, yana kallon ƙasa tana shanyewa. Har yau bai sani ba ko mahaifinsa ya sake yarda da maganarsa ne, ko kuwa ya daina dubawa ne kawai.